Kibod da Maus ko Fad: A Raba Layi Kafin a Fara Gasa

Tun da aka fara maganar shirya gasar gem a ƙarshen zangon nan, musu ɗaya ya hana mu sakat a lokacin tara. 'Yan ɗakin kwamfuta sun ce a wasannin harbi na intanet kibod da maus ne sarki. Masu zuwa shagon gem na unguwa kuma sun ce hannun gem, wato fad, ba ta da na biyu. Mu a wannan ƙungiya mun saurari kowane ɓangare, kuma ra'ayinmu shi ne kada a haɗa su a gasa ɗaya.

Mu fara da tafiya. Mai kibod yana motsa ɗan wasansa da madannai huɗu: W, A, S da D. Ko ya haɗa biyu-biyu, fuskoki takwas kawai zai samu, kuma madanni bai san a hankali ba, ko ka danna ko ka saki. Mai fad kuwa yana juya sandar analog da babban yatsa zuwa duk inda ya ga dama, ya yi sanɗa ko ya ruga gwargwadon yadda ya tura ta. Sai dai idan aka zo sauya hanya, kibod ya yi gaba. Yatsa ɗaya na kan A, wani na kan D, daga hagu zuwa dama kamar ƙiftawar ido, alhali sandar analog sai ta ratsa tsakiya kafin ta kai ɗaya gefen. Wannan ɗan bambancin ba wasa ba ne. A watan Agusta na 2024 kamfanin Valve ya hana amfani da fasahar wasu kibod da ke yi wa ɗan wasa wannan sauyin da kansu a Counter-Strike 2.

A wajen juyawa ma haka abin yake. Mai maus yana aiki da wuyan hannu da damtse, da fizga ɗaya ya waiwaya baya. Mai fad sai ya jira allo ya juyo da shi.

To me ya sa masu fad suke cin gasa? Saboda kamfanoni sun san babban yatsa ba zai kamo hannu guda ba, sai suka saka musu taimakon saiti. Idan abokin gaba ya shigo kusa, wasan da kansa yakan rage gudun saitin a kansa, ya kuma ɗan bi shi idan ya motsa. A faɗan kusa da kusa wannan babbar garaɓasa ce. ImperialHal, fitaccen ɗan wasan Apex Legends na Amurka, ya bar maus ya koma fad, kuma da ita ya ci gasar duniya tare da ƙungiyar TSM a 2023. A 2024 kamfanin Respawn ya rage ƙarfin taimakon ga masu fad a kwamfuta.

Ashe kowane allazi da nasa amanu. Ɗaya ya fi zillewa da harbin nesa, ɗaya kuma na'ura na dafa masa a kusa. Idan aka haɗa su, wanda ya faɗi zai ce kayan aiki ne, wanda ya ci kuma ba zai taɓa sanin ko gwaninta ce ta ba shi ba.

Wasu za su ce rabawa za ta rage armashi. Mu dai ba mu taɓa ganin an jera 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida a tseren mita 100 ba. Masu yin wasannin ma suna rabawa: PUBG Mobile yana ware masu buga shi a kwamfuta daga masu waya.

Don haka muna roƙon malamai da masu shirya gasar su yi rukuni biyu, kowa da gwarzonsa. Kada kuma a manta da mafi yawanmu da ba su da ko ɗaya sai waya. Su ma a ba su nasu layin.