Gyaran Kano Pillars Daga Makaranta Zai Fara

A duk ƙasar Arewa babu ƙungiyar ƙwallon kwando da ta yi suna kamar Kano Pillars. Ta ci kofin Nijeriya a 2013 da 2014, ta kuma sake ci a 2016 da 2017. Cikin 2016 ɗin ta tafi Alƙahira gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka, ta zo ta uku. Daga nan sai al'amari ya juya. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta ci kofin a 2019, Kwara Falcons ta Ilori ta ci a 2022. Da aka buɗe babbar gasar Afirka ta BAL a Kigali cikin 2021, 'yan Fatakwal ne suka tsaya wa Nijeriya, har suka zo na uku a 2024.

Lalle laifin ba na Kano kaɗai ba ne. Cikin 2017 hukumar wasan ta ƙasa ta rabu biyu: aka zaɓi Tijjani Umar a Kano, aka zaɓi Musa Kida a Abuja. Rigimar ta daɗe, gasar gida ta yi ta tsayawa. Ɗan wasan da ba ya samun karawa kuwa, ko hannunsa ya mutu, ko ya nemi wata ƙasa.

Waɗansu suna cewa magani shi ne gwamnati ta zuba kuɗi a sayo ƙwararru daga nesa. Mu ba mu ga haka ba, gama wanda kuɗi ya kawo, kuɗi ne zai ɗauke shi. Abin koyi yana kusa da mu. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, can ya koyi wasan a hannun Oliver Johnson, mutumin Amurka. Shi ne ya shugabanci Toronto Raptors ta Kanada har ta ci kofin NBA a 2019. Gaskiya ne ya kawo gwani Kawhi Leonard a 2018, amma sai da ya riga ya kafa tushe. Pascal Siakam na Kamaru shi ne na 27 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, Fred VanVleet kuwa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. A ƙaramar ƙungiyar Toronto aka hore su har suka nuna. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Saboda haka muna ba masu riƙon Pillars shawara uku. A biya ɗan wasa hakkinsa a kan kari. A ba mai horarwa shekaru, kada a kore shi don faɗuwar shekara guda. Sa'an nan a kafa ƙungiyar yara, a riƙa aika masu ido makarantu, ba na birnin Kano kaɗai ba, har na jihohin maƙwabta.

Nan ne maganar ta shafe ku, malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi. Ku dubi Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, da Gummi, da Anka, inda rashin tsaro ya takura samari. Filin ƙwallon kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, watau zai shiga cikin harabar makaranta ba sai an fita bayan gari ba. Mutum biyar ne a kowane gefe. Ƙwallo ɗaya da kwanduna biyu sun isa a fara. Malami ya lura da dogon yaro mai zafin nama, ya rubuta sunansa. Akawu ya tuna da wasanni ran da a ke tsara kasafi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

In an yi haka da haƙuri, kofi zai komo Arewa a hannun 'ya'yanta. Allah ya sa masu iko su ji.