Ofis Ne Ko Tanderun Gurasa?

Jama'ar Sabo, duk wanda ya taɓa zuwa sakatariya neman takardar haihuwa ko biyan kuɗin rumfa ya san abin da nake nufi. Gini ne dogo, gilashi tun daga ƙasa har sama, taga ba ta buɗuwa. Da zarar an ɗauke wuta, janareta kuma ba mai, sai wurin ya koma tanderu. Ma'aikata su kwashi kujeru su koma gindin mangwaro, kai kuma a ce maka "ka dawo gobe." Ka rufe shago, ka biya ɗan acaba, ka tashi a tutar babu. Wai wannan shi ne ginin zamani!

In ka yi magana, sai a ce ai an girmama al'ada, tunda an manna dagi ko zanen ganga a bakin ƙofa. Haba! Kwalliyar bakin ƙofa ce za ta yi maka fifita? Hikimar iyayenmu tana cikin ginin kansa: katanga mai kauri da ke hana zafin rana shiga, zaure inda baƙo zai zauna a inuwa kafin a yi masa iso, tsakar gida da iska ke zagayawa. Masu masaukinmu Yarabawa ma haka gidajensu na gado suke, fili a tsakiya, baranda ta kewaye shi. Ƙasarsu ce, don haka ofishin gwamnati a nan ya kamata ya ɗauko fasalinsu, kamar yadda na Kano ko Katsina ya kamata ya ɗauko namu.

Masu cewa ginin ƙasa talauci ne, su tuna da bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Su je Dandaji a Nijar, inda Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta suka gina sabon masallaci da bulon ƙasa, tsohon kuma aka mayar da shi ɗakin karatu. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar bulon ƙasa a ƙauyensu Gando ya fara, a 2022 ya ci kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a fagen zanen gini. Shi ne ya zana majalisar dokokin Jamhuriyar Benin a Porto-Novo, ya kwaikwayi bishiyar da dattawa ke shawara a gindinta. Ko nan Ibadan, ku dubi laburaren jami'a: bangonsa huje-huje ne, iska na ratsawa.

Wani zai ce ruwan Kudu zai narkar da ƙasa. To, gidajen ƙasa nawa ne a Beere da Oje suka ga jikoki? A ɗaga tushe, a saki rufi ya yi wa bango lema, a ɗan sa siminti a bulo, shi ke nan. Abin da wasu ba sa so a faɗa shi ne, gilashi da na'urar sanyaya ɗaki da man janareta kwangila ce da ba ta ƙarewa, kuma daga harajinmu ake biya.

Mu ma sai mu fara da kanmu. In za mu gyara zauren taron unguwa, a kira magina na gargajiya a zauna da su. In kansila ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi: ofishin da za ku gina, zai zaunu in babu wuta? In ya kama inda-inda, kun san amsa.