Tumɓuke Kurangar Inabi Kaɗai Ba Zai Ceci Ƙananan Manoman Faransa Ba

A yankin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa, iyalai da dama sun gaji sana'ar haɗa jar giyar inabi tun kaka da kakanni. Su ke tsinkar inabin, su bar shi ya tsima da ɓawonsa har ya yi ja, sa'an nan su adana shi cikin gangunan katako na watanni kafin ya kawo musu ko sisi.

Yanzu kasuwa ta juya musu baya. Abin da Bafaranshe guda ke sha a shekara ya sauko daga fiye da lita 100 a shekarun 1960 zuwa kimanin lita 40. A 2023 gwamnati ta ware yuro miliyan 200 domin mayar da rarar giyar sinadarin masana'antu, aka kuma yi wa manoman Bordo tayin yuro 6,000 kan kowace hekta da suka tumɓuke.

Wannan mataki zai rage cunkoson haja, amma ƙaramin manomi ne zai ɗauki nauyinsa. Manyan gidaje irin su Château Margaux suna da masu saye a ƙetare. Wanda bashi ya yi wa katutu ne zai karɓi tayin. Idan kuwa ya sake shawara, sabuwar kuranga sai ta shekara 3 kafin a girbe ta.

Saboda haka ya kamata gwamnati ta haɗa diyyar da sassaucin bashi da kuma tallafin komawa noman wani amfanin gona, domin iyalan su ci gaba da riƙe gonakinsu.