Masu farautar 'yan wasa sun shigo Zango: ina za mu kai dogayen yaranmu?

Wata uku da suka wuce wani mutum ya tare ƙanena a filin da suke buga ƙwallo bayan la'asar a nan Agege. Yaron shekararsa 16, amma tsayinsa ya kai ƙafa 6 da inci 4, kuma gola yake kamawa. Mutumin bai tambaye shi ƙwallo nawa ya kama ba. Cewa ya yi ya miƙe hannuwansa, ya auna, ya dubi tafin hannunsa, ya tambayi lambar takalminsa, sannan ya tambayi tsayin mahaifinsa da na mahaifiyarsa. Daga ƙarshe ya ce masa yana ɓata lokacinsa ne a raga, jikinsa na ƙwallon kwando ne.

Da yaron ya ba mu labari da daddare, Baba dariya ya yi, ya ce: "To saura ya buɗe bakinka ya duba haƙora." Duk wanda ya tashi a kara ya gane zancen. Haka muke yi wa maraƙi idan za a saya don kiwo. Ba naman da ke jikinsa yau ake dubawa ba, ƙashi ake dubawa da girman da zai yi nan gaba. Ni dai ban yi dariya sosai ba, domin na san ba mu kaɗai abin ya samu ba. Abokaina a Sabon Badun da Shagamu sun ba ni irin wannan labarin, wani ma daga Fatakwal.

Abin da ke faruwa shi ne wasanni sun shiga rububin yara. Da can ƙwallon ƙafa ce ke cin karenta ba babbaka, kowane yaro ita yake so. To amma ta cika ta batse. Kulob 20 ne kacal a babbar gasar Firimiya ta Najeriya, ga yara ba iyaka a kowace unguwa suna jiran a gan su. Sauran wasannin sun gane cewa ba sai sun raini yaro tun yana firamare ba. Jira kawai za su yi a bakin filin ƙwallo su tsinci waɗanda ta zubar: dogo ya tafi kwando, ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji ya tafi zari-rugar Amurka, mai zafin nama ya tafi tsere, mai taurin rai ya tafi dambe.

Kuma ba yau aka fara ba, Legas ɗin nan ma ita ce shaida. Hakeem Olajuwon gola yake kamawa, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai san kwando ba sai da yana sakandare. Ya tafi jami'ar Houston, a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, gaban Michael Jordan da ya zo na uku. Ya ci kofi a 1994 da 1995. Christian Okoye ɗan Inugu jifan faifai yake yi, da aka ƙi tafiya da shi Olamfik ta 1984 sai ya koma zari-ruga yana da shekara 23, kuma a 1989 babu wanda ya kai shi cin fili da gudu a duk gasar NFL. Chioma Ajunwa tana cikin tawagar Super Falcons da ta je gasar duniya ta 1991 a Sin, amma zinaren da ya sa sunanta a tarihi a dogon tsalle ta ci shi, a Atlanta 1996, mita 7.12.

Bambancin da da yanzu shi ne, waɗancan sa'a ce ta haɗa su da wanda ya juya su. Yanzu kuwa abin ya zama kasuwa mai tsari. NBA tana da makarantar horo a Saly ta ƙasar Senegal, ta kuma buɗe gasar kulob-kulob ta Afirka a 2021. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya daɗe yana shirya sansanin horar da yara da sunan Giants of Africa. NFL ta yi sansaninta na farko a Afirka a Ghana a 2022, a 2024 kuma ta kawo shi nan Legas. Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan New York Giants, yana da shiri na musamman na tsinto ƙattin samari a Najeriya. Ta wannan hanyar CJ Okoye, wanda kwando yake bugawa a da, ya samu shiga Los Angeles Chargers a 2023, kuma a wasan farko da ya taɓa bugawa a rayuwarsa ya kayar da mai rarraba ƙwallon abokan hamayya. Ga shi kuma an saka wani nau'in zari-ruga marar karo, wanda ake fizge ƙyalle maimakon kayar da mutum, a Olamfik ta 2028 a Los Angeles. Wato wata sabuwar ƙofa ce, kuma su ma yara za su nema.

Wanda ya ji waɗannan sunaye zai ce ai sai a saki yaro kawai ya tafi. A nan ne nake so mu ɗan tsaya.

Duk shekara mutum 60 ne ko ƙasa da haka ake ɗauka a zaɓen NBA, daga duniya baki ɗaya. NFL kulob 32 ce, kuma gurbin da aka ware wa baƙo daga waje ɗaya ne a kowane kulob, shi ma a rukunin masu atisaye. Idan yaro ya bar ƙwallon ƙafa ya koma zari-ruga bai samu shiga ba, ina zai buga ta a Najeriya ya ci abinci? Ɗan ƙwallon ƙafa ko bai kai Turai ba yana iya samun ƙaramin kulob, ko gasar unguwa da ake ba shi na mota, ko ya zama koci na yara. Kwando ma da sauƙi-sauƙi, akwai gasa a gida, akwai jami'o'i. Wasu wasannin kuwa idan ba ka haye can sama ba, to babu tsani a ƙasa ko kaɗan. Mai farauta ba ya asarar komai. Idan ya gwada yara ɗari ɗaya ya fita, ya mayar da kuɗinsa har da riba. Sauran 99 ɗin iyayensu ne za su san yadda za su yi da su.

Wurin da abin ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne dambe. Dambe namu ne, asalinsa ma wasan mahauta ne, don haka mu da muke kwana muna tashi tsakanin kara da kwata ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa zuwa gidan dambe a Alaba Rago ya san yadda ake cika idan an ce Kudu da Arewa ko Guramaɗa za su haɗu. A 'yan shekarun nan bidiyon dambe ya bazu a YouTube da Facebook, Turawa suna kallo, kamfanoni sun shigo suna shirya gasa da kyamara da alƙalai da awon nauyi. Da idon duniya ya dawo kan 'yan damben, sai masu boksin da masu MMA, wato damben cikin keji da ake haɗa naushi da shuri da kokawa, suka fara zawarcinsu. Misalin da ake ba su shi ne Oumar Kane na Senegal, wanda ake kira Reug Reug, ɗan kokawar gargajiya da ya koma keji har ya ci kambun masu nauyi na ONE Championship a Nuwamban 2024. Ana kuma kawo musu Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da ya fito daga kokawa ya riƙe kambun UFC daga 2019 zuwa 2022.

Amma a lura, su biyun nan 'yan kokawa ne, ba 'yan dambe ba, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, shi ne makaminsa, ɗayan kuma kariya ce da auna tazara. Tsayuwarsa a karkace take. Da zarar gwiwa ko hannun abokin karawa ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. A keji kuwa faɗuwa ƙasa ita ce farkon faɗan. Yaron da ya shekara goma yana koyon cewa ƙasa ita ce ƙarshe, ranar da aka danne shi aka shaƙe masa wuya bai san ta inda zai fara ba. A boksin kuma dole hannu biyu su yi aiki, kuma maimakon turmi uku sai ka yi ta zagaye har numfashi ya ƙare. Ba cewa nake ba zai yiwu ba. Yana yiwuwa idan an samu koci na gaskiya da shekara biyu ko uku na haƙuri. Abin da nake gani dai shi ne ana ɗauko yaro mai suna a gidan dambe, a yi masa horon wata biyu, a jefa shi keji don sunansa ya sayar da tikiti. Ya sha kashi, ya dawo gidan dambe kwarjininsa ya ragu. Ya yi biyu babu.

Akwai kuma farautar cikin gida da ba a cika magana a kai ba. Gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, kuma Ogun ta karɓi baƙuncinta a 2025, tana da dambe da kokawa da langa a cikin wasanninta. Lambar zinare ta langa daidai take da ta ninƙaya a teburin ƙidaya. Saboda haka idan gasa ta matso, sai ka ga an tuna da Zango. Yaron da aka haifa a nan, wanda in ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma za a ce masa ya koma garin kakansa, shi ne za a saka wa rigar jiha ya ciyo mata lamba. Ni ban ga laifin yaro ya wakilci inda aka haife shi ba, abin alfahari ne ma. Tambayata ita ce bayan an sauka daga mota an raba alawus, me ya rage masa? Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin matasa su riƙa shiga maganar tun kafin a tafi: gurbin karatu ne, aiki ne a hukumar wasanni, ko me? Lokacin da ake buƙatarka shi ne lokacin ciniki, wannan ko yaron kara ya sani.

Sai babbar matsalarmu, wadda ba wani ya jawo mana ba: takardu. Hanyar kwando da tsere zuwa Amurka ta makaranta take bi. Olajuwon da Okoye duk ta jami'a suka shiga. Babu sakamakon WAEC mai kyau, babu Turancin da za a zauna aji da shi, to tsayin banza ne. Yaranmu da yawa suna barin makaranta a aji uku na sakandare su kama bin tirela ko aikin kwata, saboda a nan ake ganin kuɗi a hannu. Ni kaina da ƙyar na ƙarasa. Ga rashin takardar haihuwa. Sai a tashi yin fasfo a rubuta shekarar da aka ga dama, NIN ta faɗi daban, makaranta ta faɗi daban. Tun 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da shekara 17, kuma ya sha zubar da yaran Najeriya ana gab da tafiya. Zamanin rage shekara biyar a wuce lafiya yana ƙarewa.

In koma kan ƙanena. Mutumin nan ya dawo bayan mako biyu, wannan karon har gida. Ya nuna mana hotuna a waya, shi da wasu dogayen yara a filin jirgi. Ya ce akwai gwaji a wata ƙasa, amma sai mun biya naira 450,000 na rajista da biza. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "Malam, ni shekarata talatin ina dillancin shanu. La'ada bayan an yi ciniki ake karɓarta. Kai kuma tun ba a ga mai saye ba kake nema. In yaron nan haja ce mai kyau kamar yadda ka ce, ai kai ne za ka zuba kuɗinka." Na tambaye shi sunan makarantar da za ta karɓi yaron da lambar wanda za mu kira a can. Ya ce zai turo. Har yau muna jira.

Sai dai maganar da ya dasa ba ta mutu ba, kuma a gaskiya ba ƙarya ya yi a kan jikin yaron ba. Na kai shi Rowe Park a Yaba wata Asabar, inda ake buga kwando a fili kowa yana gani. Wani koci ya sa shi gudu da tsalle da kama ƙwallo, ya ce ƙafarsa tana da sauri saboda zaman raga, amma hannunsa na hagu kamar ba nasa ba ne, kuma ya makara da kamar shekara biyu, sai ya dage. Bai nemi ko sisi ba, ya ce dai a saya masa takalmi. Samun lamba 47 a kasuwa ma wani aiki ne, sai a gwanjo muka samo.

A hanyar dawowa cikin danfo yaron ya ce min: "Yaya, to in bar gola ke nan?" Na ce kada ya bar komai tukuna. Yanzu Asabar yana Yaba, ranakun mako yana raga bayan la'asar, kocinsa na ƙwallo kuma yana ta fushi wai ana so a sace masa yaro. Baba ya kafa sharaɗi ɗaya: ranar da sakamakon makaranta ya faɗi, daga kwandon har ragar an rufe, ya zo kara ya riƙe igiya. Jarrabawarsa ta WAEC saura shekara ɗaya da 'yan watanni.