Mun Fi Bulus Yawan Aiki Ne?

'Yan'uwa matasa, Kirsimeti ya matso, wayoyi za su sake cika da hotunan ƙanƙara da fitilu. Mutum ya tura hoto ɗaya ga mutane ɗari a WhatsApp, wai shi ya yi gaisuwa. Gwauruwar da ke zama a bencin baya, wadda ba ta da babbar waya, wa ya gaishe ta?

Wasu cikinmu suna cewa zama da yaran makarantar Lahadi ana yanka kwali ana yin katin gaisuwa ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Manzo Bulus yana da mai rubuta masa wasiƙa, Tartiyus ne ya rubuta ta Romawa (16:22). Duk da haka, a 1 Korintiyawa 16:21 da Kolosiyawa 4:18, shi da kansa ya karɓi alƙalami ya rubuta gaisuwar. Mun fi shi yawan aiki ne?

Kwali, almakashi, gam da fensir mai launi sun isa. Yaron da ya zana komin dabbobi zai tambaye ka abin da ya kai jariri ciki, ka ga ƙofar koya masa Luka 2 ta buɗe.

Ranar Asabar kowa ya zo da almakashinsa. Kowane yaro ya rubuta sunan tsoho ko mara lafiya guda, mu raka shi ya kai katin da ƙafarsa.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.