Raddi ga mai musun tauraron Suha

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, wani ɗan'uwa a Birnin Kebbi ya kawo da'awa uku game da Suha, dusasshen tauraron da ke maƙale da Mizar, na tsakiyar ukun da ke jere a wutsiyar taurari bakwai na arewa, Banatu Na'ash. Ga amsa bi da bi.

Ta farko, ya ce Suha ƙyallin Mizar ne da ke yaudarar ido. Da haka ne, da kowane tauraro mai haske ya zo da nasa. Tsakaninsu akwai sarari baƙi wuluk, kusan kashi biyu cikin biyar na faɗin cikakken wata, shi ya sa Larabawan da suke gwada kaifin ido da shi. A 2009 ma an ɗauki hoton wani ƙaramin jan tauraro yana tafiya tare da Suha. Ƙyalli yana da abokin tafiya ne?

Ta biyu, ya ce in ma tauraro ne, ɗan mitsitsi ne. Wannan hukunci ne da ganin ido kawai. Haskensa kan shafe shekara 80 da 'yan kai kafin ya iso gare mu, kamar dai na Mizar, kuma a zahiri ya ninka na rana fiye da sau goma. Maƙwabcin da ya dusashe shi ma taron taurari ne. A 1617 Castelli, almajirin Galileo, ya ga Mizar biyu ne a madubin hangen nesa. A 1889 Pickering na Harvard ya gano mai hasken cikinsu tagwaye ne, daga baya aka tabbatar da haka ga ɗayan. Huɗu ke nan a kan biyun Suha, jimla shida.

Ta uku, ya ce binciken nan duba ne. Malamai sun raba ilimin ta'asiri, wato jingina wa taurari ƙaddara, wanda haram ne, da ilimin tasyiri, na sanin alƙibla da lokaci. Suratun Nahli ta ambaci shiryuwa da taurari, kuma manomanmu sun daɗe suna lura da taurarin Kaza don sanin ƙaratowar damina.

Malam, hazon hunturu da fitilun gari kan ɓoye Suha. Ka fita fadamar Rima wajen Argungu a Afrilu ko Mayu, daren da babu farin wata, ka fuskanci arewa bayan Isha'i, ka duba da idonka kafin ka sake musu. Allah ne Mafi sani.