Fentin akwatin sifika a tsakar gida: a samu ƙyalli, a tsira da lafiyar iyali

A wannan makon za mu leƙa wata sana'a da ke ƙara samun karɓuwa a hannun matasanmu, daga Agege da Idi-Araba a Legas zuwa Sabo a Ibadan da Mararaba a bakin Abuja, wato haɗa akwatin sifika. Yaro zai sayo kawunan sifika a kasuwar Alaba, ya yanko katako a Mushin ko Dei-Dei, ya haɗa akwati ya sayar wa masu kiɗan biki da masallatai da makarantu da masu shagon kallon ƙwallo. Sana'a ce mai kyau, kuma duk uban da ya ga ɗansa ya kama ta ya kamata ya ƙarfafa masa gwiwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin aikin. Kuɗin hayar shago a waɗannan birane ya fi ƙarfin mai farawa, don haka baranda ko lungun gidan haya ko bayan ɗaki shi ne shagon. Yankan katako da buga ƙusa hayaniya ce da kowa ke ji. Amma matakin ƙarshe, wato gugar samfefa da shafa fenti da manna kafet, shi ne wanda yake shiga huhu da jinin mutanen gida shiru, musamman ƙananan yara da masu juna biyu.

Ƙurar katako ba ƙurar hanya ba ce

Yawancin masu wannan aiki suna amfani da filawud ko katakon da ake kira MDF, saboda yana da nauyi kuma ba ya karkarwa idan sauti ya yi ƙarfi. Shi MDF garin itace ne da aka cuɗa da wani irin gam mai ɗauke da sinadarin fomaldihaid, aka matse shi da zafi ya zama falle. Idan aka yanka shi ko aka goge shi da samfefa, yana fitar da ƙura mai laushi kamar fulawa, wadda kan daɗe tana yawo a iska kafin ta sauka kan tabarma da kwanukan abinci da shanya.

Hukumar binciken cutar daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wa ɗan Adam cutar daji tun 1995, musamman dajin cikin hanci. A 2004 ta sanya fomaldihaid ma a wannan jeri. Wannan haɗari ya fi shafar wanda ya shafe shekaru yana shaƙa. Abin da iyali za su fara gani tun a makon farko shi ne atishawa, ƙaiƙayin ido, tari cikin dare, da tashin asma ga yaron da ke da ita.

Dalma a cikin gwangwani

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Abin da ya jawo musibar shi ne an shigo da duwatsun zinariya cikin gidaje ana daka su, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalmar da ke cikin fenti ba ta kai yawan waccan ba, kuma ba kasafai take kisa nan take ba, amma hanyar ɗaya ce: aiki ya shigo gida, ƙura ta sauka ƙasa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki.

Ana sa dalma a wasu fentin mai domin launi ya fito ko fenti ya bushe da wuri. An fi samun ta a launin rawaya, ruwan lemo, ja da kore, da kuma wasu nau'o'in jan fentin da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da za a ce ba shi da illa, kuma ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotse idan suka haɗiye ta. Illarta tana kan ƙwaƙwalwa: jinkirin magana, rashin riƙe karatu, rashin natsuwa, ga kuma ƙarancin jini. A jikin mace dalma kan ɓuya a ƙashi, idan ta samu ciki sai ta dawo jini ta kai ga jariri.

Amurka ta haramta fentin gida mai dalma tun 1978, kuma ma'aunin da ƙasashe da dama ke bi a yau shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Saboda haka a sayi fenti a gwangwaninsa na asali, mai sunan kamfani da adireshi, a duba ko an rubuta cewa ba a sa masa dalma ba. A guji fentin awo da ake ɗurawa a robar ruwa. Haka nan tsohon katakon da aka ɓalle daga ƙofa ko kabad mai tsohon fenti, kada a goge shi da busasshiyar samfefa a cikin gida.

Warin tina da gam

Tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, da gam ɗin da ake manna kafet a jikin akwati, duk suna ɗauke da sinadarai masu saurin zama tururi irin su toluwin. Idan mai karatu yana son ya gane ƙarfinsu, ya tuna cewa irin wannan tururi ne masu shaƙar sholisho suke nema. Wanda ya manna kafet a rufaffen ɗaki ya shaƙi abin da suke shaƙa ko da bai yi niyya ba, kuma duk wanda ke ɗakin ya samu rabonsa. Alamominsa su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, da magana kamar ta mai maye.

Akwai kuma batun gobara. Tururin tina ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi yana tafiya. Yana iya rarrafawa daga baranda ya tarar da risho ko kurfoti ko tukunyar gas a kicin, ko janareta a lungu, wutar ta biyo shi ta dawo kan gwangwani. A gidan haya mai ɗakuna goma da hanyar fita ɗaya, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Wasu masu son ƙyalli irin na mota sukan sayo fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa ruwan da ke sa shi tauri. Wannan ruwan yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo asmar wurin aiki. Da zarar huhu ya ƙi shi, ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa numfashinsa zai toshe. Wannan fenti na garejin masu feshi ne da suke da kayan kariya, bai dace da tsakar gida ba ko kusa.

Yadda za a yi aikin ya yi kyau

Abin farin ciki shi ne hanyar da ta fi tsare lafiya ita ce kuma take fitar da aiki mai tsabta.

Da farko a gama komai na fenti kafin a ɗaura kan sifika. Maganaɗisun da ke bayansa yana jawo ɓurɓushin ƙarfe, fenti yana taurara takardarsa, tururin tina kuma yana iya lalata robar bakinsa da gam ɗin da ke riƙe da ita. A cike ramukan ƙusa da tsagun haɗi da abin cike rami na katako, a bari ya bushe sarai.

Sai gugar samfefa. A fara da mai lamba 120, a koma mai lamba 220, ana naɗe ta a jikin ɗan guntun katako domin fuskar ta fito daidai. A yi wannan a fili, iska tana kwashe ƙurar daga jikin mai aiki da kuma daga ƙofofin mutane. A goge ƙurar da tsumma mai ɗan danshi kawai, domin MDF yana kumbura idan ya sha ruwa.

Gefen da aka yanka na MDF yana shan fenti kamar soso, shi ya sa wasu ke yin shafe biyar ko shida amma gefen bai daina kaushi ba. Maganin wannan shi ne a tsinka farin gam na kafinta da ruwa kaɗan, a shafa a gefunan, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi. An rage ɓarnar fenti, an kuma rage warin da za a shaƙa. Bayan haka sai a yi fentin shimfiɗa, wato na farko da ke kama katako. Rufe dukkan fuskokin katakon da fenti yana kuma rage fomaldihaid ɗin da zai riƙa fita daga baya.

Wajen fentin sama, a zaɓi na ruwa mai inganci wanda aka yi domin katako, a shafa da ƙaramar rola ta soso. Rola ba ta watsa fenti cikin iska kamar feshi, kuma tana ba da ɗan tsakuwa-tsakuwa mai kyau irin na akwatunan kamfani, wanda ke ɓoye ƙarce. Shafe uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri wanda zai zubo. Fentin ruwa kan buƙaci awa biyu zuwa huɗu tsakanin shafe da shafe, na mai kuma yakan kwana. A tsakani a ɗan goge da samfefa mai lamba 320 ko 400.

A kula da yanayi. Lokacin hunturu ƙura tana sauka kan ɗanyen fenti, don haka a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a yi aikin da sassafe. Da damina, musamman a Legas da Fatakwal inda iska ke da laima, fenti yana jinkirin bushewa, mai ƙyalli kuma yakan yi hazo-hazo. A jira ranar da gari ya washe. Bayan shafen ƙarshe a bar akwatin a inuwa mai iska na wasu kwanaki har wari ya tafi, sannan a ɗaura sifika a shigo da shi ɗaki.

Dokokin gida

Takunkumin asibiti ko ƙyalle da ake ɗaurawa a hanci ba sa tare tururin fenti. Takunkumi mai lamba N95 yana tare ƙura idan ya zauna daram a fuska, amma shi ma ba ya tare tururi. Mai aiki da fentin mai ko gam yana buƙatar takunkumin roba mai matatar gawayi, a kuma riƙa sauya matatar. A haɗa da tabarau da safar hannu.

Yara da masu juna biyu da masu shayarwa da masu asma su nisanci wurin har a gama a share. Ƙanin da ke son koyo ya koyi awo da haɗa waya, a ɗaga masa guga da fenti sai ya girma. Kada a ci abinci ko goro a wurin aiki. Kayan aiki a cire su a waje, a wanke su daban, kada a ɗauki jariri da su. Bayan an tashi a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. Fentin da ya maƙale a hannu a murza shi da man gyaɗa sannan a wanke da sabulu, a bar fetur da tina, domin suna busar da fata har ta tsage.

Kada a kuskura a zuba tina a kwalbar lemo ko robar ruwan sha. Fara ce tas kamar ruwa, yaro mai jin ƙishi ba zai bambance ba. A ajiye ta a mazubinta, a rufe, a sa a wuri mai kwaɗo nesa da wuta. Tsofaffin gwangwanayen fenti kuma kada su koma na ɗiban ruwa ko zuba hatsi.

Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha tina ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Amai yana tura ruwan cikin huhu, kuma a nan babbar ɓarnar take. A garzaya da shi asibiti tare da mazubin abin da ya sha, ko da ya nuna kamar lafiyarsa ƙalau, domin matsalar numfashi kan iya bayyana bayan wasu awanni. Idan a ido ya fantsama, a wanke da ruwa mai tsabta yana zuba na minti 15 sannan a tafi asibiti. Wanda jiri ya kwashe a fitar da shi iska nan take, idan bai farfaɗo ba a kira lambar gaggawa ta 112.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa zama a gida, ku ne za ku fara jin warin. Kuna da haƙƙin cewa a fita da aikin waje. Maigida kuma ya taimaka wa yaron da kuɗin takunkumi na gaske, ko ya roƙa masa wani kafinta a unguwa ya ara masa gefen rumfarsa ranar fenti. Idan matasa uku ko huɗu masu wannan sana'a suka haɗa kuɗi, za su iya kama rumfa ɗaya nesa da ɗakunan kwana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A zauna lafiya.